Yadda na daidaita sandar fatsa don kogi da teku

Matsalar ta bayyana ne a bakin teku, inda sandata mai lamba 5 (lambar tana nuna nauyin zaren da ya dace da sandar), wadda take aiki lafiya lau a kogi, ta kasa jefa ƙwaron bogi, wato ƙugiyar da aka yi wa ado kamar ƙwaro don yaudarar kifi, da nisa. A irin wannan fatsa nauyin zare ne yake ɗaukar ƙugiya, kuma ƙafa 30 na farkon zare mai lamba 5 bai wuce giram 9 da ɗoriya ba, don haka da zarar iska ta kaɗa sai ya naɗe ya zube a gabana.

Na koma sanda mai lamba 8, mai tsawon ƙafa 9, tare da zaren da ya dace da ita, wanda nauyin ƙafa 30 na farkonsa ya kusa giram 14. Tana keta iska, kuma tana jure manyan kifayen ruwan daɗi, ko da yake a ganina ta yi wa ƙananan rafuka nauyi.

Faifan naɗe zare kuwa gishirin teku ya sa birkinsa, wato abin da ke rage gudun fitar zare idan kifi ya ja, ya cije, sai na sauya shi da na alminiyam mai rufaffen birki, kuma ina ɗauraye shi da ruwan famfo bayan kowace fita.