Yadda Za Ka Sabunta Tsohon Shafin Kasuwancinka Ba Tare da Ka Rasa Kwastomomi Ba

Aikina gina shafukan intanet ne. Duk mai kasuwancin da ya kawo mini tsohon shafi, kusan magana ɗaya yake fara yi: a canza kala, a zuba sababbin hotuna. Ni kuwa nakan ce a jingine maganar kala tukuna, shi ne aikin ƙarshe.

Fara da wayarka. Kunna data, ka buɗe shafin kamar baƙon da bai taɓa jin sunanka ba, ka nemi lambar wayar kamfanin. In sai ka buɗa rubutun da yatsu biyu kafin ka iya karantawa, ko ka latsa nan can ya amsa, to ka ga abin da ke korar mutane. Tun watan Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a waya, yanzu ma fuskar da shafi ke nunawa a waya ita yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Kyan da shafinka ke yi a kwamfutar ofis ba zai cece ka ba.

Sai ka dubi adireshin. Idan da http ya fara, ba https mai harafin s a ƙarshe ba, Chrome na gargaɗin duk mai shigowa cewa shafin ba shi da tsaro, kuma tun Yulin 2018 yake yin haka. Wa zai rubuta lambar katinsa a irin wannan wuri? Wata hukuma mai suna Let's Encrypt na ba da takardar tsaron da ke mayar da adireshi https kyauta, don haka in aka yanka maka kuɗi mai tsoka saboda ita kaɗai, ka nemi bayani. Idan kuma akwai saura na Flash, tsohuwar manhajar kunna bidiyo da hotuna masu motsi a shafi, a cire. Kamfanin Adobe mai shi ya daina kula da shi tun ƙarshen 2020, babu burauzar zamani da ke buɗe shi.

Nauyi shi ne ciwo na gaba. Sa adireshinka a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewar shafi, shi ma kyauta ne. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Abin da na fi cin karo da shi hotuna ne da aka ɗora kai tsaye daga kyamara ba a rage su ba, sai bidiyon da ke kunna kansa yana shanye wa mutane data. A rage girman hotunan, a mayar da su WebP, wato tsarin hoto mara nauyi. In da manhajar WordPress aka gina shafinka, duba ƙananan manhajojin da aka liƙa masa. Wadda ba a aiki da ita, ko maginanta suka daina sabunta ta, a goge, domin ta nan masu kutse suka fi samun ƙofa.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya da kyau. Kowane shafi a cikin tsohon gidanka na intanet yana da adireshinsa, kuma waɗannan adiresoshi sun yi shekaru suna yawo: suna cikin Google, suna cikin saƙonnin WhatsApp, wasu an buga su a katin kasuwanci. Sabon magini yakan zo ya sake wa komai suna, washegari duk wanda ya bi tsohon adireshi sai ya tarar da 404, wato babu shafin. Matsayin da aka daɗe ana tarawa a Google sai ya zube, mai kasuwa kuma yana can yana murnar sabuwar kala. Maganinsa, kafin a taɓa komai, a fitar da jerin tsofaffin adiresoshi duka. Search Console, kayan aikin Google na masu shafi, zai nuna maka waɗanda suka fi kawo mutane. A gaban kowanne a rubuta sabon wurinsa, sannan a sa umarnin 301, wanda ke tura mai ziyara can kai tsaye, yana kuma shaida wa Google cewa ƙaurar ta dindindin ce. Kada ka yarda a tattara su duka a tura shafin farko don gudun wahala. Wanda ya zo neman kaya guda, wurin kayan nan za a kai shi.

Wata tambaya da ba kasafai ake yi ba: da sunan wa aka yi rajistar adireshin kamfanin? Na sha ganin sunan maginin farko ne a kai, shi kuma an daina jin ɗuriyarsa. Ka tabbatar rajistar da kalmomin sirri suna hannunka, a kuma ajiye kwafin tsohon shafin gaba ɗaya kafin a fara.

Rubutun ciki kuwa naka ne, magini bai san kasuwarka ba. Cire kayan da ka daina sayarwa, gyara lokutan buɗewa, ka cike fom ɗin tuntuɓa da kanka ka ga ko saƙon na isowa. Daga nan ka zaɓi kalar da ranka ke so.

Bayan an saki sabon shafin, ka riƙa leƙa Search Console duk mako kana farautar 404. Umarnin 301 kuma a bar shi aƙalla shekara guda, haka Google da kansa ya ba da shawara.