Yadda Za Ki Kammala Littafinki A Waya Ba Tare Da Hidimar Gida Ta Tsaya Ba

Yawancin labaran da ake farawa a guruf-guruf na WhatsApp ko a dandalin labarai na Wattpad, ba rashin basira ke kashe su ba. Marubuciya za ta fara da zafinta, kullum feji ɗaya, wato kashi ɗaya na labarin, masu karatu suna ta ruwan sharhi. A mako na uku sai yaro ya kwanta zazzaɓi, ko biki ya taso a dangi, ko jarabawa ta matso. Sai shiru na kwana huɗu, sai saƙon ban haƙuri, sai shiru na wata biyu, daga nan labari ya bi ruwa. Matsalar ita ce ta yi wa mutane alkawari da ƙarfin makon da komai ya zo mata da sauƙi, alhali irin wannan makon ba kullum ake samunsa ba. Gyaran yana cikin lissafi da tsari. Muna magana da mace ne a nan domin mata suka fi yawa a wannan fage, amma ɗalibi da mai shago da ma'aikacin ofis duk lissafinsu ɗaya ne.

Ki fara da auna kanki

Kafin ki sanar da kowa sunan littafi, ki ware mako guda na gwaji. Ki kashe data, ki saita ƙararrawar waya a kan minti 25, ki rubuta sabon abu har ta kaɗa, sannan ki duba yawan kalmomin. Manhajojin rubutu na Google Docs da WPS Office duk suna ƙirga kalmomi. Ki maimaita haka sau huɗu ko biyar a ranaku daban-daban, har da ranar da kika gaji. Adadin da ya fi ƙanƙanta shi ne naki na gaskiya, da shi za ki yi lissafi.

A ce kin samu kalmomi 300 a zama ɗaya, kuma fejin da kike son sakewa yana da kalmomi 1,500. Zama biyar ke nan kafin feji ɗaya ya fito. Idan zama ɗaya kike samu a rana, kwana biyar a mako, to feji ɗaya kike iya yi a mako, kuma littafi mai feji 40, wato kalmomi 60,000, zai ci miki mako 40. Idan kina samun zama biyu a rana, feji biyu a mako, mako 20. Mutane da yawa ba sa son ganin wannan lissafin don yana sanyaya jiki, amma gara ki gan shi ke kaɗai a ɗaki da ki gano shi bayan mutum ɗari biyar sun zuba miki ido. Kada ki lissafa da kwana bakwai. Kwana biyun da aka bari na baƙi ne da wanki da ciwon kai da gaisuwar rasuwa, kuma za su cinye su.

Ba kowane lokaci ne na rubutu ba

Rubutun labari aiki uku ne: tunanin abin da zai faru, zubar da shi a rubuce, da gyara. Kowanne da irin lokacin da yake so, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke sa mutum ya zauna minti arba'in yana kallon waya bai rubuta layi biyar ba.

Tunani ba ya buƙatar zama. Lokacin da hannu ke aiki kai yana sarari, kamar wanke-wanke, tsintar wake, shara, guga, ko zama a cikin adaidaita sahu, nan ne za ki warware wa zai shigo ɗakin, me zai faɗa, wa zai ji. Da kin ɗauraye hannu, ki ɗauki muryarki ta minti ɗaya ko ki rubuta layi uku kawai: Hajiya ta gano takardar, ta ɓoye, Sadiya ta gan ta ta taga. Layi ukun nan su ne za su hana ki zaman banza gobe. Amma a bakin wuta a ajiye waya nesa. Miyar da ta kama ƙasa asara ce ƙarama, tukunyar gas da yaro mai rarrafe a kusa ba abin wasa ba ne.

Zubar da labari shi ne ke son nutsuwa, kuma shi kaɗai za ki nema wa keɓaɓɓen lokaci. Kada ki ɗaura shi a kan ƙarfe kaza, domin a gidajenmu agogo ba ya riƙe alkawari. Ki ɗaura shi a jikin abin da ba ya fashi: bayan sallar asuba da azkar kafin a tashi yara, ko da zarar 'yan makaranta sun fita kafin a ɗora na rana, ko tsakanin azahar da la'asar lokacin da gida ke yin tsit. Ma'aikaciya tana iya cire minti 25 daga hutun rana. Mai shago ya san sa'ar da ciniki ke mutuwa a kasuwarsa, wannan ce tasa.

Dare yana da daɗin rubutu, shi ya sa yake da haɗari. Wadda ta kai ƙarfe ɗaya tana bugawa kuma za ta tashi asuba, barcin awa huɗu ta yi. Kwana biyu a jere haka, sai makara, sai faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai kuma rubutun kansa ya fara maimaita magana. Idan dare kaɗai gare ki, ki sa ƙararrawar tashi daga rubutu, kuma ki bi ta ko da a tsakiyar jimla kike. Tsayawa a tsakiyar fage ma ya fi, domin gobe kin san daga inda za ki ɗora.

Gyara kuwa na guntayen lokaci ne: layin asibiti, jiran a tashi yara daga Islamiyya, zaman kitso. Minti goma ya isa ki karanta rabin feji ki gyara harafi da waƙafi.

Ki cika rumbu kafin ki buɗe ƙofa

Wannan shi ne ginshiƙin duka. Kada ki saki feji na ɗaya sai kina da feji goma kammalallu a ajiye, kamar yadda manomi ba ya cin sabon hatsi kai tsaye daga gona sai ya ga rumbu ya ɗauka. Sannan ki riƙa saki daidai da abin da kike iya rubutawa, ko ƙasa da shi.

Ga yadda lissafin yake. Kina rubuta biyu a mako, kina sakin biyu: goman nan suna nan daram, kuma idan wata lalura ta hana ki taɓa rubutu, za su riƙe ki har mako biyar ba wanda ya sani. Kina rubuta biyu, kina sakin uku: kowane mako ɗaya na raguwa, a mako na goma ajiya ta ƙare. Kina rubuta biyu, kina saki kullum: biyar ke raguwa a mako, cikin mako biyu kin koma hannu baka hannu ƙwarya. Daga nan ne ake fara rubutun gaggawa, a cusa faɗan kishiyoyi ko hatsarin mota da ba sa cikin tsari don kawai feji ya cika.

Ki tsayar da ranaku biyu, misali Talata da Asabar, ki rubuta su a saman kowane feji. Masu cewa a ƙara yawa ba za su daina ba ko kullum sau biyu kike saki, don haka kada muryarsu ta canza miki tsari. Amsa sharhi ma ki yanka masa lokaci, minti 15 a ranar saki. Sharhi yana da zaƙi, kuma ya fi aikin gida cinye lokacin rubutu.

Ajiyar tana da wani amfanin: idan a feji na tara kika gane ya kamata wata ta kasance ƙanwar miji tun farko, kina da damar komawa ki gyara, tunda ba wanda ya karanta.

Mutanen gida

Mai rubutu a waya da mai hira a waya kamarsu ɗaya a idon mai kallo. Rigima da yawa daga nan take tashi. Ki faɗa wa maigida, ko Umma idan kina gaban iyaye, a fili: abin da kike yi, lokacin da kika ware, da tsawonsa. Wanda ya san minti 25 ne bayan la'asar ya fi saurin haƙuri a kan wanda kullum yake ganin kai a sunkuye bai san ranar ɗagowa ba. Kuma ki cika naki ɓangaren: idan lokacin ya cika, a ga wayar ta sauka.

Wadda take da abokiyar zama tana da tsari a shirye. Ranakun da girki ba nata ba ne su ne na zama biyu ko uku, ranakun girkinta kuma ta bar su ga tunani da gyara. Mai jego ta ajiye saki gaba ɗaya har ta yi arba'in, ta sanar tun cikin yana wata takwas. Ɗaliba ta rufe littafi mako uku kafin jarabawa. Baƙo idan ya yi sallama, kada ki tsaya ƙarasa sakin layi. Ki rubuta kalma biyar na abin da zai biyo baya, ki tashi ki tarbe shi da fuska a sake.

Abubuwan da ke lalata aiki

Na farko, bugawa kai tsaye a cikin akwatin saƙon WhatsApp. Yatsa ya zame ya tura rabin feji, ko yaro ya ɗauki waya ya goge, kuma gyaran saƙon da aka riga aka tura minti 15 kawai WhatsApp ke bayarwa. Ki rubuta a manhajar rubutu, kowane feji da fayil ɗinsa da lambarsa, sannan ki kwafo.

Na biyu, ajiya a wuri ɗaya. Waya tana faɗawa bokiti, ana fizge ta a hanya, tana mutuwa haka kawai. Google Docs yana ba da damar rubutu ba data idan kin saita fayil ɗin don haka, kuma da kin kunna data zai adana a asusunki. Duk da haka, kowace Juma'a ki tura wa kanki fejukan makon ta imel. Adireshin imel ɗin da kalmar sirrinsa ki rubuta su a takarda ki adana. Mutane da yawa a shagon waya aka buɗe musu asusu, ba su taɓa sanin kalmar sirrin ba sai ranar da wayar ta ɓace.

Na uku, mantuwa. Littafin da ake rubutawa a guntu-guntu cikin wata shida dole a manta abubuwa: 'yar da aka ce shekararta 17 ta koma 20 cikin wata ɗaya, Baffa ya koma Kawu. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu, kowane ɗan wasa shafinsa: suna, shekaru, dangantaka, garinsu, irin maganarsa. A baya kuma layi biyu a kan abin da ya faru a kowane feji.

Sai caji. Ki cika waya kafin lokacin rubutu, kada ki jira a kawo wuta. Fawa-bank mai 10,000mAh yana cika waya mai batir 5,000mAh sau ɗaya da 'yan kai, ba sau biyu cif ba, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Ki kuma saka Hausa a cikin harsunan Gboard, allon buga rubutu na waya, don ki samu ƙ da ɗ da ɓ tun a bugun farko. Bin feji ana gyara su daga baya aikin rabin awa ne da ba ki da ita.

Shekara ma a tsara ta

Azumi, Sallah ƙarama da babba, da dogon hutun makaranta sanannu ne tun kafin su zo. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ki duba kalanda kafin ki fara saki: ko dai littafin ya ƙare kafin Sha'aban ya fita, ko ki sanar da hutu tun da wuri tare da ranar dawowa. A shekarar da hidima ta yi yawa, gajeren labari ya fi dacewa da dogo. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500 take nema. Da zama biyar na rubutu da uku na gyara an gama.

Maganar littafin kuɗi kuwa, ranar da kika karɓi naira ɗaya daga hannun mai karatu, sha'awa ta zama bashi. Kada ki buɗe guruf na biya sai littafin ya kammala, ko aƙalla kashi uku cikin huɗu yana hannu.

Idan kuma an riga an yi dogon shiru, kada ki dawo da sanarwa. Ranar farko ki karanta fejuka biyu na ƙarshe da littafin 'yan wasanki, ba rubutu. Rana ta biyu kalmomi 150 kawai, ko ba su yi miki daɗi ba. Ki ci gaba a ɓoye har feji huɗu su taru, sannan ki saki na farko tare da taƙaitaccen tunin inda aka tsaya, a layi biyar, da sababbin ranakun saki waɗanda suka yi daidai da halin da kike ciki yanzu.