Yadda Ake Gina Shafin Intanet Da Masu Nakasa Za Su Iya Amfani Da Shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasar da ke shafar harkokinsu na yau da kullum. Da yawa daga cikinsu suna shiga intanet domin karatu, neman aiki ko biyan kuɗi, amma sau da dama shafin da suka buɗe yakan tare musu hanya, saboda wanda ya gina shi bai taɓa kawo wa ransa cewa wani zai ziyarce shi ba tare da gani ba, ko ba tare da iya riƙe linzamin kwamfuta ba. Ma'aunin da aka fi yarda da shi a wannan fanni shi ne WCAG, wato ƙa'idojin gina shafin da masu nakasa za su iya amfani da shi, na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wanda bugunsa na 2.0 ya fito a 2008, na 2.2 kuma a watan Oktoban 2023. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne ya kamata mai gina shafi ya sa a gaba.

Aikin yana farawa ne daga rubutun HTML kansa, wato lambar da ake gina shafi da ita, kuma a nan ne aka fi yin sake. Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, irin su NVDA da JAWS a Windows, VoiceOver a na'urorin Apple, da TalkBack a wayoyin Android. Wannan manhaja ba ruwanta da kyan shafi. Abin da take bi shi ne alamomin da ke cikin lambar. Idan ka ƙara wa rubutu girma da kauri domin ya yi kama da kanu, mai gani zai gane shi, amma manhajar za ta karanta shi tamkar sauran rubutu. Saboda haka ka yi amfani da h1 wajen babban kanu, h2 da h3 wajen na ƙarƙashinsa, bi da bi ba tare da tsallake ba, domin da yawa daga masu amfani da waɗannan manhajoji sukan fara sauraren jerin kanun ne kafin su zaɓi inda za su sauka. Haka kuma maɓalli ya zama button na gaskiya, mahaɗi kuma ya faɗi inda zai kai mutum, domin idan aka jero masa "danna nan" har sau goma, babu yadda zai bambance su. Ka kuma bayyana harshen shafin da alamar lang. Lambar Hausa ita ce ha.

Hotuna suna buƙatar bayanin da ake rubutawa a cikin alt, wato gurbin bayanin hoto a HTML, kuma rubuta shi yana buƙatar tunani fiye da yadda ake zato. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, me wannan hoto yake yi a wannan wuri? Idan jadawali ne da ke nuna hauhawar farashi, bayanin ya faɗi cewa farashin ya hau da kuma gwargwadon hawan, maimakon ya tsaya a kan cewa akwai jadawali. Idan alamar gilashin ƙara girma ce a kan maɓallin bincike, sai a rubuta "bincika". Idan kuwa hoton ado ne kawai, a bar alt ɗin babu komai a ciki, amma kada a cire shi gaba ɗaya, domin idan babu shi wasu manhajojin sukan karanta wa mutum sunan fayil ɗin, wanda galibi tarin lambobi ne marasa ma'ana.

Daga nan sai ka ajiye linzami a gefe, ka zagaya shafin da madannin Tab da Enter kaɗai. Mutanen da hannunsu ke rawa, ko waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki, da makafi ma, da haka suke tafiya. Ka lura ko kana isa ga kowane maɓalli, ko tsarin tafiyar ya bi yadda ake karatu, ko kuma akwai akwatin da idan ya buɗe ba ka iya fita daga cikinsa. Masu zane da yawa sukan goge layin da ke kewaye abin da mutum yake kai, wai don yana ɓata ado, kuma a ganina wannan yana cikin mafi munin kurakurai, domin yana barin mutum bai san inda yake a shafin ba.

Batun launi yana da lissafi bayyananne. A matakin AA, bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 zuwa 1, ko 3 zuwa 1 idan rubutun manya ne. Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo, tun da kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance wasu launuka, musamman ja da kore. Rubutun kuma ya yarda a ninka girmansa zuwa kashi 200 cikin ɗari ba tare da ya hau kan juna ba. Bidiyo yana buƙatar rubutun magana a ƙasansa saboda kurame, kuma wanda na'ura ta samar da kanta dole ne mutum ya bi shi ya gyara. Duk abin da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya a kauce masa, domin yana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa.

Fom shi ne wurin da mutum ya fi yin asara idan aka yi kuskure, domin a nan ake rajista, a nan ake biyan kuɗi. Kowane gurbi ya sami label, wato sunan da ke faɗin abin da za a rubuta a ciki, da aka haɗa shi da shi a cikin lambar, domin rubutun nan mai dishi-dishi da ake sawa a cikin gurbin yakan ɓace da zarar an fara rubutu. Idan mutum ya yi kuskure, a gaya masa da kalmomi wane gurbi ne da yadda zai gyara, kuma idan akwai ƙayyadadden lokaci, a ba shi damar ƙarawa.

Wajen gwaji, manhajoji irin su WAVE da Lighthouse suna taimakawa, sai dai wani ɓangare kawai na matsalolin suke iya ganowa. Za su gaya maka hoto ba shi da bayani, amma ba za su iya tantance ko bayanin da ka rubuta yana da amfani ba. Haka nan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi da alkawarin gyara komai nan take ba sa gyara lambar da aka rubuta ba daidai ba. NVDA kyauta ce, don haka ka sauke ta, ka kashe allon, ka gwada cike fom ɗinka da kunne kaɗai. Bayan haka ka nemi masu nakasa daban-daban su gwada shafin, ka biya su ladan aikinsu kamar kowane ƙwararre, sannan ka maimaita gwajin duk lokacin da ka ƙara wani sabon abu a shafin.