Yadda Ake Karanta Alƙalin Wasan Sofbol Kafin a Buɗe Baki a Yi Sharhi

Gasar sofbol (wasan buga ƙwallo da sanda a zagaya tashoshi, ɗan'uwan besbol) ta 'yan matan jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA ke gudanarwa, tana ƙarewa ne a birnin Oklahoma daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, tashar ESPN ce kuma ke haska ta. Tsakanin can da Legas awa shida ne a wannan lokaci, don haka wasan ƙarfe 7 na yamma ƙarfe 1 na dare yake riskar mu. Wanda zai yi wa jama'a bayani da Hausa, a gidan kallo a Agege ko Idi-Araba ne, ko a bidiyon da zai ɗora a Facebook da safe, dole idonsa ya zauna a hannun alƙali. Mai sharhin talabijin yakan riga hukunci magana, alƙali kuwa shi ke da wuƙa da nama.

Fara da ma'aunin fili, domin shi ke bayyana saurin komai. Daga mai jifa zuwa gida, wato farantin da mai bugu ke tsayawa a gefensa, ƙafa 43 ne, wajen mita 13. Tsakanin tasha da tasha ƙafa 60. Zagaye bakwai ake yi, amma idan wata ƙungiya ta ba da tazarar maki 8 bayan zagaye na biyar, an tashi. Allon talabijin da mil yake nuna gudun ƙwallo. Ka ninka da 1.6, sai ka ga 70 ta zama kilomita 112 a awa. Ƙwallon kan isa gida cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Alamomin hannu ba su da yawa. Dunƙulen hannun dama a sama, sitiraik ke nan (jifan da aka ƙirga wa mai bugu a matsayin kuskure, na uku ke fitar da ita) ko an fitar da 'yar wasa. Hannu biyu a shimfiɗe gefe da gefe, ta tsira. Hannu biyu a sama, ƙwallo ta mutu, kowa ya tsaya. Ƙirge kuma, bol (jifan da ya kauce wa yankin bugu, mai bugu kuma ba ta kai masa sanda ba) a yatsun hagu, sitiraik a na dama, kuma bol ake fara faɗa: "biyu da ɗaya" na nufin bol biyu, sitiraik ɗaya. Masu koyo sukan juya shi, sai mai sauraro ya ɗauka mai bugu na bakin fita alhali ita ke da galaba.

Alamar da ta fi kowace muhimmanci ita ce hannun hagu a miƙe gefe, a dunƙule. Ma'anarta an yi laifi, amma wasa na ci gaba, sai an gama za a yanke hukunci. Duk wanda ya ga wannan hannu ya riƙe harshensa. Kada ka ce maki ya shiga, kada ka ce an fitar, ka ce, "Jama'a, alƙali ya miƙe hagu, mu jira." Abu uku ne suka fi jawo ta.

Na farko tare hanya. Idan mai tsaro ba ta da ƙwallo a hannu, ba ta kuma cikin ɗaukar wadda aka buga, sai ta sa ƙafa ko gwiwa ta toshe gefen tashar da mai gudu ta nufa, laifi ne. Abin dubawa a maimaicin hoto shi ne inda ƙafar take kafin ƙwallo ta shiga safar hannu. Yawancin masu kallo taɓawar suke kallo, su ga an taɓa mai gudu taku guda kafin tasha, su hau ihu an yi rashin adalci. Kada a haɗa wannan da katsalandan, wanda laifin mai gudu ne idan ta hana mai tsaro ɗaukar ƙwallon da aka buga. A katsalandan nan take ƙwallo ke mutuwa, mai gudu ta fita. Mai sharhi ya ware wa kowanne kalmarsa tun daga farko, ya tsaya a kai har wasa ya ƙare.

Na biyu haramtaccen jifa. Tun kakar 2024 an yarda ƙafafun mai jifa biyu su bar ƙasa yayin da take tunkuɗowa, abin da a da laifi ne. Abin da ya rage haramun shi ne ta sake dasa ƙafar baya ta yi sabon tunkuɗi kafin ta saki ƙwallo, domin ta rage tazarar nan ta ƙafa 43 ke nan. Wanda ya koyi dokar daga tsoffin bidiyoyi zai yi ta kiran laifin da babu shi. Idan an kira, ana ƙara wa mai bugu bol, ko kocinta ya zaɓi sakamakon bugun idan ya fi masa.

Na uku barin tasha da wuri. A sofbol mai gudu ba ta ɗaga ƙafa sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa. Wanda ya saba da besbol nan yake fara tuntuɓe.

Akwai kuma dokar da'irar da ke kewaye da mai jifa, mai faɗin ƙafa 16. Da zarar ƙwallo na hannunta a cikin da'irar, mai gudun da ke tsakanin tashoshi tsayawa ɗaya aka ba ta, daga nan ko gaba ko baya, ba rawar ƙafa. Wadda ta tsaya kan tasha kuma ba ta sake sauka. Wannan hukunci yana yawan kama kyamara tana nuna fuskar koci ko 'yan kallo, sai kawai ka ga an ƙara fita ɗaya a allo. In haka ta faru ba a ga bugu ba, fara zargin wannan doka.

Sitiraik na uku da mai cafewa ta kasa riƙewa yana ba mai bugu damar rugawa tasha ta farko, muddin babu kowa a can ko an riga an fitar da biyu. Ƙwallon da aka buga ta tashi sama cikin filin da tashoshi suka kewaye kuwa, ga masu gudu a ta farko da ta biyu, ba a kai fita biyu ba, alƙali zai ɗaga hannun dama ya fitar da mai bugu ko an cafe ko ba a cafe ba. An yi dokar ne don kada masu tsaro su yar da ƙwallo da gangan su fitar da biyu.

Kan bol da sitiraik, a yi wa alƙali adalci. Yankin sitiraik yana tsakanin ƙasan ƙashin ƙirji da saman gwiwa, a kan farantin gida mai faɗin inci 17. Kyamarar da ke bayan mai jifa ba a tsakiya daidai take ba, tana karkatar da hoto, kuma inda aka cafe ƙwallo ba nan ta wuce faranti ba, musamman jifa mai faɗuwa. Wannan hukunci ba a kai shi bitar bidiyo.

Sauran da dama ana kai su. Koci yana da ƙalubale biyu a wasa, kuma ba a sauya hukunci sai hoto ya nuna kuskure ƙarara. Sakamako iri uku ne: an tabbatar, an bari yadda yake, ko an soke. "An bari" na nufin hoton bai isa hujja ba, kuma ya kamata a faɗa wa masu sauraro haka, kada a ce musu alƙali ya yi daidai. Lokacin jiran nan shi ne na aiki: faɗi abin da aka yanke a fili, faɗi wanda ya ƙalubalanta, sannan ka nuna musu abu ɗaya da za su zuba wa ido, ƙafa ce ko safar hannu. Idan ta intanet kake kallo, hotonka na iya zama a baya da daƙiƙu masu yawa, don haka kife wayar da ke turo sakamako har alƙali ya cire abin kunne ya yi alama.