Yadda Ake Neman Kamfani Ya Canza Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Ta Ƙi Gyaruwa

Akwai kwamfutar da ke zuwa da lalurarta tun daga masana'anta. Mutum ya saye ta sabuwa fil a kwali, ba a yi wata biyu ba ta fara mutuwa da kanta ana tsaka da aiki, a kai ta gyara a sauya mata madabod, wato babban allon da sauran sassanta ke haɗe a kansa, ta dawo ta yi makonni lafiya lau, sannan fuskarta ta fara zane-zane ko kuma ta daina karɓar caji. Mai irin wannan kwamfuta yana da damar neman a ba shi wata, amma kamfani ba ya canza na'ura don mai ita ya fusata ko ya gaji da zarya. Abin da ma'aikatansa ke dubawa shi ne tarihin gyaran da ke rubuce a ƙarƙashin lambar wannan kwamfutar, saboda haka aikin ya ta'allaƙa ne ga tara shaida tun daga lalacewar farko.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da matsayin garantinka. Ka juya kwamfutar ka karanta lambar siriyal da ke jikin takardar da aka manna a ƙasanta. Kamfanin Dell yana kiran tasa lambar Service Tag, kuma haruffa da alƙaluma bakwai ce. Ka shigar da lambar a shafin tallafi na kamfanin, ko HP ne ko Lenovo ko Apple ko wani, zai nuna maka ranar da garantin ya fara da ranar da zai ƙare. Yawancin kwamfutocin da ake sayar wa jama'a suna zuwa ne da garantin shekara ɗaya, wasu na ofis kuma da shekara uku, ko da yake batir sau da yawa shekara ɗaya kawai ake ba shi ko da an tsawaita na sauran jikin. Wani lokaci za ka tarar an fara lissafi tun ranar da kayan suka bar hannun kamfani, alhali sun yi watanni a shago kafin ka saya. Ana gyara wannan ta hanyar aika hoton rasit, shi ya sa dole rasit ɗin ya ɗauki ranar saye da sunan shagon da lambar siriyal ɗin.

A nan ne da yawa daga cikin masu saye a Najeriya da Nijar ke cin karo da tuntuɓe. Kwamfutar da aka saya ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka, galibi garantinta ya daɗe da ƙarewa, sai dai alkawarin 'yan kwanaki ko makonni da mai shago ya yi. Ko sabuwa ce, in an yi ta ne don kasuwar wata ƙasa, wakilin kamfanin da ke nan yana iya cewa garantin bai shafi wannan yanki ba. Dell yana da tsarin mayar da mallaka zuwa sabon mai shi da sabuwar ƙasa, Lenovo kuma yana da garantin ƙasa da ƙasa ga wasu samfura, don haka a binciki wannan kafin a fara zarya. Wanda zai yi sayayya a Titin Beirut na Kano ko Banex na Abuja ko Computer Village na Ikeja, gara ya duba lambar a wayarsa yana tsaye a gaban kanta kafin ya miƙa kuɗi.

Mataki na biyu shi ne ka kwashe bayananka. Ka kwafe takardu da hotuna da duk wani aiki zuwa wata ma'ajiya ta daban tun kwamfutar tana kunnuwa, domin sharuɗɗan garanti suna faɗa ɓaro-ɓaro cewa kamfani ba ya ɗaukar nauyin bayanan da suka salwanta a wajen gyara. In Windows ta kulle ma'ajiyarka da BitLocker, wato tsarinta na kulle bayanai, ka nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta ta a takarda, saboda sauya madabod yakan sa kwamfutar ta nemi wannan lamba kafin ta buɗe.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne amfani kuma aka fi tsallakewa, shi ne ka sa kwamfutar ta ba da shaida a kan kanta. Kamfanoni suna saka manhajar gwaji a cikin na'urorinsu, wadda ke aiki tun kafin Windows ta tashi. A Dell, ana danna F12 lokacin kunnawa a zaɓi Diagnostics. In an sami matsala za ta fito da lamba da ke farawa da 2000, misali 2000-0142 wadda ke nuna cewa ma'ajiyar bayanai ta faɗi gwaji, tare da wata lambar tabbatarwa. A HP, ana danna Esc sannan F2, kuma in wani sashe ya gaza sai ta ba da lamba mai haruffa da alƙaluma 24. A Mac mai injin Intel, ana riƙe harafin D yayin kunnawa. Ka ɗauki hoton wannan fuska da wayarka yadda lambobin za su karantu sosai. Ma'aikacin da ke ɗaya ɓangaren yana iya jayayya da bayaninka, amma da wuya ya yi jayayya da lambar da manhajar kamfaninsa ta fitar, kuma wannan yakan rage maka dogon zancen "sake kunna ta" da "sake ɗora Windows" da ake fara jan mutum da shi.

Matsalar da ke zuwa ta tafi takan wuce gwaji ba tare da an kama ta ba. A irin wannan hali, ka ɗauki bidiyo a daidai lokacin da abin ke faruwa, ka kuma buɗe tarihin lafiyar Windows ta hanyar rubuta perfmon /rel a akwatin ba da umarni na Windows mai suna Run. Za ka ga jadawalin kwanaki, da jan da'ira mai alamar kuros a kan kowace rana da kwamfutar ta mutu ba shiri. In batir ake zargi, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoto da ke kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da ƙarfin da ya rage masa yanzu. Amma in batirin ya kumbura har ya ɗago madannai ko ya buɗe gefen kwamfutar, a cire caja a daina amfani da ita nan take, domin yana iya kama wuta.

Mataki na huɗu shi ne ka kai ƙorafinka ta ƙofar da kamfani ya sani. Ka buɗe ƙorafi ta shafinsa ko ta waya ko ta imel, ka karɓi lambar ƙorafi, sannan ka kai kwamfutar cibiyar gyara da kamfanin ya amince da ita. Na san jan hankalin kai ta wurin mai gyaran unguwa yana da ƙarfi, ya fi kusa, ya fi sauri, wani lokacin ma ya fi ƙwarewa. Sai dai gyaransa ba ya shiga kundin kamfani, kuma in ya taɓa madabod da dalma ko ya ɓalle wani abu, ka miƙa wa kamfanin hujjar ƙin karɓarka da hannunka.

A gaban kantar cibiyar gyara, kada ka yi gaggawa. Ka ɗauki hoton kwamfutar ta kowane ɓangare, tana buɗe da tana rufe. Ka karanta takardar karɓa kafin ka sa hannu, ka tabbatar an rubuta lambar siriyal daidai, an rubuta matsalar yadda ka faɗe ta, an kuma ambaci caja in ka bar ta. In ma'aikacin ya rubuta "tana da matsala" kawai, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta "tana mutuwa da kanta ko tana jone da wuta, karo na biyu bayan sauya madabod". Wannan jimla ɗaya ita ce za ta nuna daga baya cewa cuta guda ce ke dawowa. Ranar karɓowa kuma ka nemi takardar da ta lissafa sassan da aka sauya, ka kunna kwamfutar a wurin ka gwada ta kafin ka fita. Ka ware wani littafi ko fayil ka riƙa rubuta ranar kowace lalacewa, lambar ƙorafi, ranar kaiwa, ranar karɓowa, da abin da aka ce an yi.

Ya kamata ka san abubuwan da za a iya kafa maka hujja da su. Garanti na yau da kullum ba ya rufe faɗuwa, ko zubar ruwa da shayi, ko ƙonewa sakamakon hauhawar wutar lantarki. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, inda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa kuma ake yawan cajin kwamfuta da ƙaramin janareta. Ka yi amfani da cajar da ta zo da kwamfutar, ka haɗa ta da na'urar kariya daga hauhawar wuta, ka kuma kiyaye ƙofofin iska daga ƙurar hunturu, don kada a ɗora laifin zafin da take yi a kanka.

Kafin ka rubuta takardar neman canji, ka bincika ko samfurinka yana da sanannen lahani. An sha yin haka a tarihi. A watan Agustan 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda haɗarin gobara. A 2008 kamfanin Nvidia ya amince cewa wasu ƙwayoyin sarrafa hoto da ya ƙera suna lalacewa fiye da ƙima, abin da ya shafi kwamfutocin HP da Dell da Apple, har kamfanonin suka tsawaita garantin samfuran da abin ya taɓa. A 2018 Apple ya buɗe shirin gyara madannan wasu MacBook kyauta na tsawon shekara huɗu daga ranar saye. In samfurinka yana cikin irin wannan sanarwa, kana iya samun gyara ko da garantinka ya ƙare, kuma hujjarka ta cewa laifin daga ƙira ne ta ƙara ƙarfi.

Mataki na biyar shi ne neman canjin kansa, a rubuce. Mafi yawan takardun garanti suna bar wa kamfani zaɓi tsakanin gyara da canji da mayar da kuɗi, kuma ba su ƙayyade adadin gyaran da zai tilasta canji ba, don haka maganar da ake yaɗawa cewa bayan gyara uku dole a ba ka sabuwa ba a kowace ƙasa take doka ba. Duk da haka, gyara biyu ko uku a kan matsala ɗaya hujja ce mai nauyi. Takardar ta zama gajera, babu zagi babu barazana. Bayan gaisuwa da lambar siriyal, ana iya cewa: "Na sayi wannan kwamfuta a rana kaza. An karɓe ta gyara sau uku a ƙarƙashin lambobin ƙorafi kaza da kaza da kaza, an sauya madabod sau biyu, kuma matsalar ta dawo. Jimillar kwanakin da ta yi a cibiyar gyara kaza ne. Ina neman a canza mini ita da wata mai daraja ɗaya ko a mayar mini da kuɗina, kuma ina roƙon amsa a rubuce cikin kwana 14." Ka haɗa rasit da takardun gyara da hotunan gwaji. Ma'aikacin farko da ke amsa waya ba kasafai yake da ikon amincewa da canji ba, saboda haka ka nemi a ɗaga ƙorafin zuwa ga shugabansa ko sashen hulɗa da abokan ciniki, kuma bayan kowace magana ta waya ka aika imel da ke taƙaita abin da aka faɗa maka.

In kamfani ya yi shiru ko ya ƙi, doka tana nan bayan garanti. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya maras inganci cikin wata uku da karɓarsa don a gyara, a canza, ko a mayar da kuɗi. Hukumar tana karɓar ƙorafi ta intanet, wasu jihohi kamar Kano kuma suna da nasu hukumomin kare masu saye. Kada a manta da mai shagon da ya sayar, domin shi ma yana da alhaki, kuma sau da yawa shi ne mafi kusa. Wanda ya yi sayayyar a ƙetare, dokar can ce ta shafe shi: a Birtaniya dokar 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya mai lahani, kuma in gyara ɗaya ya gaza mai saye yana iya neman kuɗinsa ko ragin farashi daga mai sayarwa, a ƙasashen Tarayyar Turai kuwa akwai garantin doka na shekara biyu.

In an amince da canjin, ka karanta tayin da kyau kafin ka ce to. Sharuɗɗan kamfanoni da yawa sun ba su damar ba da na'urar da aka sabunta maimakon sabuwa, don haka ka tambaya wace iri ce. Ka kwatanta injin sarrafawa, girman RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta), girman ma'ajiya da ingancin fuska da na tsohuwar, kada a ba ka wadda ta gaza taka. Ka tambayi garantin da zai biyo ta, domin abin da aka saba shi ne ragowar na tsohuwar ko kwana 90, duk wanda ya fi tsawo, kuma babu laifi ka nemi a ƙara maka gwargwadon kwanakin da ka yi babu kwamfuta. Kafin ka miƙa tsohuwar, ka fita daga dukkan asusunka, ka goge bayananka, ka cire duk wani RAM ko ma'ajiya da ka ƙara da kuɗinka, sannan ka karɓi takardar shaidar cewa ka mayar da ita. Sabuwar tana isowa ka yi mata gwajin nan na lokacin kunnawa a ranar, ka shigar da lambarta a shafin kamfani ka ga an rubuta ta da sunanka da ranar garanti daidai.