Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura libar giya a tsohon keken tsere

Tsofaffin kekunan tsere da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, irin su Peugeot da Raleigh, yawancinsu libar giyarsu tana jikin bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa wajen feda. Ba ta ƙas-ƙas irin wadda kamfanin Shimano ya fito da ita a 1984, matsi ne kawai yake riƙe ta inda ka ajiye ta. Aikinta ba wuya, amma na gaji da ganin samarin unguwannin Nima da Mamobi a Accra suna turo mini keke da ɓarna iri ɗaya.

Babbar ɓarnar ita ce yi wa ƙarfe dole. Bututun keken Ingila da Italiya da Japan kaurinsa milimita 28.6 ne, na tsohon keken Faransa kuwa 28. In ka ɗaura wa Peugeot zoben libar Japan, wato zoben da ke riƙe liba a jikin bututu, zai riƙa zamewa, sai yaro ya yi ta ɗaurewa har kusa ta tsinke. Ni gwangwanin lemo nake yanka siriri in naɗa a ƙarƙashin zoben. Ka kuma shafa bututun, sau da yawa akwai ɗan ƙarfen da aka liƙa a jikinsa. A samansa zoben yake zama, shi ke hana waya ta janyo shi ƙasa.

Firam mai mazaunin liba a jikinsa ya fi wannan haɗari. Wani yarona ya taɓa tura kusar da ba tasa ba cikin mazaunin, ta cije, ya kawo sifana ya murɗa har zaren ya cinye. Keken mutane ne fa! Daga aljihuna na biya mai walda, wuta ta ƙone fenti, mai keken bai sake tako shagona ba. Tun ranar na kafa doka: da yatsa ake fara kusa. In ba ta shiga da yatsa ba, ba tata ba ce, ajiye ta.

Sai wosha-woshan ciki. Ku yara, me ya sa kuke zube su a ƙasa kamar gyaɗa? Kowace da gurbinta. Akwai wadda ba ta juyawa tare da liba, aikinta ta hana kusar kwancewa. In ta ɓata ko ka juya jerin, duk jan da ka yi kusa na sassautawa. Ba za ka sani ba sai ka kama hawan tudun Aburi daga Ayi Mensah, ka miƙe a kan feda, sarƙa ta faɗo ƙaramin haƙori da kanta. Ina cirewa ina zura su a waya bi da bi. Wasu sun fi son su a bushe, ni kam ina shafa giris kaɗan, don iskar tekun Accra ba ta raga wa ƙarfe. Ɗan zoben da ke kan kusar kuma don yatsa aka yi shi, ka ƙara matsi ko kana tafiya. Kada filaya ta taɓa shi.

Kada ka sa wayar birki, ta yi kauri, ta giya ba ta wuce milimita 1.2 ba. Libar dama ta baya ce, ta hagu ta gaba. Kafin ka ɗaure waya, kwantar da liba gaba sarai, sarƙa tana kan ƙaramin haƙori. Sabuwar waya takan saki bayan 'yan kwanaki, sai a sake ja.

Kusoshi biyun nan masu alamar H da L a jikin masauyin sarƙa na baya, waɗanda ke tsayar da iyakar tafiyarsa, saita su kafin ka hau. Wannan liba ba ta da matsayar kowace giya, in L ta yi sako-sako ja ɗaya zai jefa sarƙa cikin wayoyin ƙafar baya, masauyin ya lanƙwashe, irinsa kuma sai ka zaga kasuwa kafin ka samu.