Ƙaramar fadamar yara a lambun shaƙatawa: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Ƙasar Katsina da Daura jigawa ce, damina kuma wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara wajen milimita 600. Amma a kusan kowane lambun shaƙatawa ko filin makaranta akwai ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke sama, mutane na kewaye shi suna tsaki. Wannan kwarin ne malamai da shugabannin ƙungiyoyin yara za su iya mayarwa ƙaramar fadama ta ciyayin ƙasarmu, yara su haƙa da hannunsu, su dasa, su yi reno. Aikin ba ya cin kuɗi sosai. Abin da ke kashe shi kurakurai ne 'yan kaɗan da ake ta maimaitawa, yawancinsu kuma tun kafin a dasa tushe ɗaya ake yin su.

Haƙa kududdufi da sunan fadama

Wannan shi ne uwar kurakuran. Da an ce wa yara za a yi wurin ruwa, sai su duƙufa da diga da shebur, kowa na son a ce ɓangarensa ya fi zurfi, kafin a ankara an samu rami mai kai wa ƙugu, bakinsa a tsaye kamar rijiya. Fadama kuwa ƙasa ce da ruwa ke rufewa ya janye, ya bar ta da damshi. Ciyawar fadama wannan hawa da saukar take so. Rami mai zurfi yana nutsar da ita, gefensa yana zabtarewa, ga haɗarin ƙananan yara, domin ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya halaka yaro mai tatata idan ya faɗa ta fuska.

Zurfin tsakiya kada ya wuce santimita 20, wato kamar tsawon tafin hannun babba. Gangaren ya zama a kwance, a ci mita ɗaya cur daga baki kafin a kai wannan zurfin. A yanka sanda, a yi mata zane da fenti a daidai santimita 20, a damƙa wa yaro ɗaya, aikinsa ke nan na ranar. Inda an riga an zurfafa, a mayar da ƙasa a daddaɓe, kada a ce ai an sha wahala.

Ruwa kuma kada ya wuce kwana uku a tsaye. Dalilin sauro ne. A zafin ƙasarmu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne, don haka ruwan da ke janyewa cikin kwana uku yana katse masa hanya. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke bin ruwa, ƙasa kan ƙoshi ta daina sha. Maganin wannan shi ne mafita: a binne guntun bututun roba mai faɗin inci uku a gefen da ya fi gangara, bakinsa daidai da ƙasan kwarin, a toshe da marfi, a buɗe duk ranar da ruwa ya cika kwana uku. Sau biyu a mako yara su ɗebi ruwan da farin ludayi su duba. Tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓi tana kwanciya a miƙe a saman ruwa, ta sauran sauro kuwa tana rataye kai ƙasa. Duk wadda aka gani, a buɗe bututu. A kuma cike sawun ƙafa da na dabbobi a cikin taɓo, don irin waɗannan 'yan ramukan da rana ke duka su ne sauron zazzaɓi ya fi so.

Zaɓen wuri ba tare da gwaji ba

Ido ba ya gane ƙasa. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya shanye, a sake cikawa, sannan a fara duba agogo. Idan ruwan na biyu ya ɓace cikin awa biyu ko uku, yashi ya yi yawa, sai an sa laka. Idan ya kwana ɗaya ko biyu, an dace. Idan ya haura kwana uku, a rage zurfi, kuma bututun nan ya zama dole. Akwai gwajin da yara ke jin daɗinsa: a jiƙa ƙasar a murza ta a tafin hannu. Wadda ta yi igiya har ta lanƙwasu ba ta karye ba, laka ce. Wadda ta warwatse, yashi ne.

Girman wurin ma lissafi yake so. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30, yana zubo lita 3,000, wato duro 15. Kwarin da matsakaicin zurfinsa santimita 15 ne yana buƙatar murabba'in mita 20 kafin ya riƙe wannan, misali mita 4 sau 5. Wanda ya yi ƙasa da haka zai tumbatsa ya yanki hanya. Ko da an yi daidai, a bar masa maƙwarara a gefe ɗaya, a shimfiɗa duwatsu, don ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya rarar ta san inda za ta bi. A nisanta shi da gini aƙalla mita biyar, musamman ginin ƙasa, ya kuma yi nesa da masai da rijiya.

Ruwan kwata ba na wannan aiki ba ne. Wanda ya ga abin da kogin Ginzo ke ɗauka daga cikin birnin Katsina ya san me ke ciki: sabulu, baƙin mai, ƙazantar gidaje. Ruwan rufi da na fili kawai za a karkato. A mashigarsa a yi ɗan rami mai zurfin santimita 30 da raga a baki, ya riƙe yashi da ledojin fiya wata, a kwashe bayan kowane babban ruwa. In ba haka ba, damina ɗaya ta isa yashi ya cike kwarin.

Masu shimfiɗa leda a ƙasa don tare ruwa suna jawo wa kansu aiki biyu. Ruwa ba ya janyewa, saiwa ba ta sauka, inda rana ta taɓa kuma ledar ta fashe. Laka ta fi. A kashi ɗaya cikin uku na tsakiya kawai, a haƙa santimita 45, a zuba laka mai kaurin santimita 10 a hawa biyu, kowane hawa a jiƙa a tattake kamar ana kwaɓin gini, sannan a mayar da ƙasar sama santimita 15. Murabba'in mita 6 zai ci kamar baro 10 na laka. Idan laka ta yi wuya, ƙasar tsohon suri tana taimakawa.

Dasa abin da bai kamata ba

Kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ita ce ta farko da za a hana. Tana da kyan gani, tana kamawa da wuri, shi ya sa ake kwaɗayinta. Ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki. A wuri mai mita 4 sau 5 ba za ta bar wa kowa gurbi ba. Ko ba a dasa ta ba iska na kawo irinta, don haka a koya wa yara kamanninta, a tuge ta da saiwa tun tana ƙarama. Tofa da aya-aya ma haka suke, ta ƙarƙashin ƙasa suke yaɗuwa, guntun saiwar da aka bari sai ya tofo. Kainuwa da bado ruwa mai daɗewa suke so, wanda mu kuma shi muke gudu, ga shi akwai wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwa. Duman rafi yana rufe komai, yana kuma sa wa awaki da tumaki karkarwa idan sun ci.

Abin da ya dace hawa uku ne. A tsakiya, kan lakar, kajiji, wanda iyayenmu mata suka sani a turare. A kan gangare, jema, mai saiwa da ke nutsewa ƙasa ta riƙe gefe, tana jure ambaliya tana jure fari. Saboda zurfin saiwarta ne ba a sa ta a kan lakar ba, za ta huda ta. A can sama, inda ruwa ba ya daɗewa, gamba da kyasuwa. Idan fili na da yalwa, giyayya ko bagaruwa ɗaya a gefen arewa, 'yan mitoci daga baki, don inuwa kada ta danne ciyawa. Bishiyar bedi da ta turare a yi nesa da su, ƙishirwarsu ta fi ƙarfin ƙaramin kwari.

Wajen samo dashe akwai kuskuren da ba a gani da ido. Ana zuwa bakin tafki a ciko buhu da taɓo da saiwa, a juye a sabon wuri. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, tana iya binne kanta a cikin taɓo ta yi rani a raye. A guji tafkin da ake wanka da wanki a cikinsa. Manya ne za su ciro tushen, da takalmin ruwa da safar hannu, su wanke saiwar tas da ruwa mai tsabta, su duba, kafin ta iso hannun yara. A nemi izinin mai wurin ko mai unguwa, kuma cikin tushe goma a ɗauki ɗaya.

Lokaci

Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar fadamu ta duniya, tunawa da yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971. Ranar taro ce mai kyau, amma a wurinmu tsakiyar rani ce, abin da aka dasa a ranar ba zai ga watan Afrilu ba. A yi awo da haƙa a lokacin, tun zafi bai tsananta ba. Ruwan farko na Mayu ma mayaudari ne, yakan sauka ya ɗauke mako biyu ko uku. A jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, a dasa da la'asar bayan an yi ruwa.

Jema ana raba tushenta ne, kowane dashe da kara biyu ko uku, a datse ganye ya rage santimita 20, saiwa santimita 10. A layin riƙe gefe a bar tazarar santimita 15, a sauran wurin 40. Yara kan binne ta har wuya, sai ta ruɓe. Inda ƙasa ta tsaya mata a da, nan za ta tsaya yanzu, a taka gindin da dunduniya. Irin gamba a tara shi a Oktoba da Nuwamba, a ajiye a buhun algarara a wuri busasshe, a gauraya da yashi a watsa, a rufe da ƙasar da ba ta kai santimita ɗaya ba. Wanda aka binne da zurfi ba ya fitowa.

Taki ba ya cikin lissafi, na zamani ko na gida. Yuriya tana sa gansakuka ta rufe ruwa, tafasa da karangiya su yi wa dashen rinjaye, kashin dabbobi kuma cike yake da irin ciyawar da ba a gayyata ba. Maganin feshi na ciyawa ko na ƙwari kada ya kusanci wurin. Yana kashe 'ya'yan kwaɗi da tsutsar mazari, alhali tsutsar mazari na cikin masu cin tsutsar sauro.

Yaran kansu

Babban hutu yana faɗowa daidai Agusta, watan da wurin ya fi neman hannu. Ƙungiyar da ta dogara ga makaranta kaɗai sai ta dawo a Satumba ta tarar da daji. Tun kafin a tashi hutu a rubuta sunayen yaran da ke kusa, a raba su biyar biyar, kowane rukuni da babba ɗaya, a manna ranakunsu a bango, iyaye su sani su yarda. Awa ɗaya ta isa, da hantsi ko bayan la'asar, ba tare da an ci lokacin Islamiyya ba. 'Yan ƙasa da shekara takwas su tsinci leda, su ƙirga tsuntsaye, su riƙe littafin da ake rubuta ranar da ruwa ya shiga da ranar da ya janye. Fartanya da shebur na manyansu ne, lauje da adda kuwa na malam ko malama. Danƙo a bar shi a gida, in ana son balbela da zakaran ƙeƙuwa su saba da wurin.

Ba a shiga da ƙafa tsirara, ba a wanka, ba a fitsari a kusa. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa ba tare da jin kunya ba, maganin tsargiya yana nan a asibiti. Inda ciyawa da kwaɗi suke maciji na iya zuwa, don haka a share hanya mai faɗin mita ɗaya kewaye da wurin, babba ya fara bubbuga ciyawa da doguwar sanda, kada a tara duwatsu ko itace a gefe. Idan tsautsayi ya afku, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A hana yaron motsi a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Rani

Da kaka ta shiga ciyawar za ta yi ja ta bushe, yara su ce ta mutu, a fara jido mata ruwan burtsatse. Ba ta mutu ba, saiwar jema da gamba na nan da rai. Ban ruwan rani yana tara farin gishiri a saman ƙasa, yana kuma ajiye wa sauro gida a lokacin da ya kamata ya rasa. A shekarar farko kaɗai, dashen jema da bai yi ƙarfi ba a iya ba shi bokiti ɗaya ga tushe biyar sau ɗaya a mako, a gindi.

A yi yanka a Nuwamba bayan iri ya zuba, a bar kututture mai tsawon santimita 20, a kwashe abin da aka yanka, kada a bar shi ya ruɓe a ciki ya zama taki. Karan gamba ya tafi zana, sauran a raba wa masu kiwo a unguwa. A bar kashi ɗaya cikin uku a tsaye don ƙwari da tsuntsaye, baɗi a sauya ɓangare. Ƙonawa kada a fara ta, iskar hunturu ba ta da linzami, a ma share tazarar mita biyu zuwa uku kewaye da shinge saboda wutar da za ta iya zuwa daga waje.

Shingen kuwa ana yin sa kafin dashe, don akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata guda cikin yini. Waya mai tsayin mita 1.2, ko ƙayar magarya da aduwa da aka jera da kauri, da ƙofa ɗaya mai sakata. A riƙa zagaya shi duk mako daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da kiwo ya ƙare a ko'ina, a toshe duk kafar da ke ƙasa, don ta nan 'yan awaki ke kurɗawa.